Komai Ƙanƙantar Allura, Ƙarfe Ce

Duk wanda ya ratsa shagunan ɗinki a Babban Duhu, ko Runka, ko cikin garin Safana da Batsari a goman ƙarshe na azumi, in ya sauke idonsa daga shaddodin da aka rataye ya dubi hannuwan yaran da ke kan kekuna, zai ga abin da mu muka daina gani. Wannan ya naɗe ɗan yatsa da ƙyallen atamfa, wancan farcensa ya yi baƙi ya fara ɗagowa, wani kuma yana tura yadi da yatsu huɗu, ya ɗage na biyar sama don kada ya fame shi. Ba mai tambaya. Mai kaya ya zo bin kayansa, maigidan shago yana ƙirga kwanakin da suka rage, uban yaro kuwa yana gida yana godiya ga Allah ɗansa ya kama sana'a. In ma zancen ya taso, da dariya ake yinsa, a ce ai telan da allura ba ta sha jininsa ba bai zama tela ba tukuna.

Wannan magana ta yi mana daɗin baki ne don tana wanke kowa. Ta wanke maigida daga sakaci, ta wanke uba daga rashin bibiya, ta wanke mu masu kai ɗinki daga matsin da muke yi, ta bar yaro shi kaɗai da zoginsa cikin dare. Mun mayar da rauni shaidar ƙwarewa, alhali iyayenmu tsabtar hannu suka ɗauka shaidar ƙwarewa. A da ana nuna tsohon tela a ce dubi yadda ya tsufa a kan keke da yatsunsa goma lafiya lau. Yau yaro ɗan shekara goma sha uku ne ke nuna wa abokansa farcen da ya fashe, yana taƙama.

Ɗinki ba baƙo ba ne a ƙasar nan. A shekarar 1851, lokacin da Baturen nan ɗan Jamus Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya ratso Katsina ya wuce Kano, ya tarar da masaƙa da marina da maɗinka suna tufatar da ƙasashen da ba su taɓa takawa ba, duk da hannu. A cikin wannan shekara ta 1851 dai ce Isaac Singer ya yi rajistar kekensa na ɗinki a Amurka. Kakanninmu sun riga keke sanin allura, kuma da keken ya iso sun karɓe shi da ladabin da suka saba yi wa kowane ƙarfe mai kaifi. Baƙin keken nan na ƙafa, Singer ne ko Butterfly ɗan Sin da ya zo daga baya, ba abin wasa ba ne a gidan da yake. Yana da mayafinsa, yana da ranar shan mai, yana da wanda ke da izinin zama a kansa.

Ku tuna yadda ake koyon ɗinki a da, ku da kuka ga zamanin. Uba ne da kansa zai kama hannun ɗansa ya kai shi wurin tela, ya zauna su gaisa, ya ce ga amana na kawo maka. Yaro zai yi watanni bai taɓa keke ba. Shara ce tasa, da ɗebo ruwa, da hura gawayin dutsen guga, da ɗinka maɓalli, da kalmasa da hannu. Masu gajen haƙuri na ganin bauta ce, amma a nan ido ke koyon inda hannun maigida ke tsayawa, kunne ke koyon kukan keke in yana lafiya da kukansa in ya ɓaci. Ranar da za a ɗora shi kan keke, sai a cire allura, a cire zare, a ce taka. Zai yi ta takawa har ƙafarsa ta iya tayar da keke da tsayar da shi inda yake so, ba tare da ya koma baya ba. Sannan a sa allura babu zare, a ba shi takarda ya bi layi. Sannan ƙyallaye. Kafin a miƙa masa wuyan rigar mutane, shekara ta juyo, wani sa'in biyu. Kuma a duk tsawon wannan lokaci tsawa ɗaya ce ba ta canzawa: ɗauke ƙafarka daga mataki kafin ka kai hannu ga allura.

Yau fa? Yau uwa ce ke aiken yaro da baki, je ka shagon wane ka ce na ce ya koya maka. Uba bai san ƙofar shagon ba, balle halin mai shi. Sati biyu ba su cika ba an ɗora yaro kan keke, domin aiki ya yi yawa kuma hannu ya yi kaɗan. Bayan wata uku mu iyaye mun fara tambaya, har yanzu ba a fara ba ka ko na sabulu ba? Bayan wata shida muna neman inda za mu ranto kuɗin keke ya buɗe nasa. A ɗaya gefen kuma ga tallafin da ake rabawa, na gwamnati da na 'yan siyasa da na ƙungiyoyi: horon 'yan makonni, a yi taro, a ɗauki hoto, a ɗora wa kowa keke a ka ya tafi gida. Alheri ne, Allah ya saka wa masu yi. Sai dai ana koya wa mutum yadda zai sa zare, ba a koya masa yadda zai tsira da hannunsa.

Ban ce gaggawar nan ba ta da dalili ba, kuma duk mai adalci ya san dalilin. Mu da muke zaune a gefen Dajin Rugu mun san abin da shekarun nan suka yi mana. Gonakin da ke nesa da gari sun gagari masu su, shanun huɗa sun tafi, ƙauyuka sun watse sun tare a garuruwa, gidaje da yawa sun wayi gari mace ce ke ɗauke da marayu. A 2021 abin ya kai har an rufe layukan waya a Safana da Batsari da wasu ƙananan hukumomi, aka dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni, aka hana sayar da fetur a jarka. A irin wannan hali keken ɗinki ya zama mafakar mutane da yawa, domin sana'a ce da ake yi a cikin ɗaki, ba sai an ratsa daji ba. To amma wannan shi ne ya fi wajabta mana kula. Manomin da gona ta gagare shi, in ɗansa ya koma ɗinki, duk jarin gidan ya dawo kan yatsu goma na yaron nan. Yaya za mu yi wasa da abin da ya rage mana?

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, koyarwa ta gajarce a daidai lokacin da keke ya ƙara gudu. Keken ƙafa gwargwadon ƙarfin mai taka shi yake tafiya, in ka gaji shi ma ya gaji. Manyan kekunan wuta da suka cika shaguna yanzu, irin su Juki da Jack da Emel, an ƙera su ne don masana'antu, kuma da yawansu na iya soka allura sau 5,000 a minti ɗaya. Ku raba da kanku, ya haura sau 80 a daƙiƙa guda. Tsakanin ido ya ga hatsari da ƙafa ta ɗaga daga mataki akwai kusan rubu'in daƙiƙa, a cikinsa allura ta sauka wajen sau 20. Gwani ba ya sakin keke haka sai a doguwar miƙa, domin ƙafarsa ta san awo. Sabon shiga kuwa ƙafarsa ba ta san komai ba sai dannawa. Ɗora shi a kan irin wannan keke daidai yake da ɗaukar yaron da ko jaki bai gama iya hawa ba a aza shi kan ingarma, a sakar masa linzami.

Akwai kuma wani makirci a tsofaffin injinan waɗannan kekuna da yara da yawa ba a gaya musu ba. Ko an kashe makunni, injin yakan ci gaba da juyawa na ɗan lokaci, kuma in ƙafa ta taɓa mataki a wannan tsakani allura za ta sauka kamar ba a kashe ba. Yaro ya kashe wuta, ya ɗauka ya tsira, ya sa hannu zai zura zare, ƙafarsa ta zame. Maganinsa bai wuce bayan an kashe a danna mataki hannu na nesa har injin ya yi shiru ba. Sababbin injina kuma suna da wurin rage gudu, ana iya saita su su yi tafiyar mai koyo. Nawa ne daga cikin iyayen gidan shago suka taɓa rage wa yaro gudu? Sannan ga 'yar wayar ƙarfen nan da ke zuwa kewaye da ƙafar da ke danne yadi, wadda aka yi don ta tare ɗan yatsa kada ya shiga ƙarƙashin allura. Ranar da aka kwance keke daga kwali ake cire ta a jefar, wai tana tare ido, wai tana rage sauri. Wanda ya ƙera keken ya tuna da hannun ɗanmu daga wata uwa duniya, mu da muka haife shi muka sa sukudireba muka kwance.

Kada mu ɗora wa teloli laifin duka, domin mafi yawan allurar da ke shiga hannun yaro mu masu kaya ne muka tura ta. Wa bai san ranar Sallah ba tun shekara guda kafin ta zo? Amma sai azumi ya kai ashirin da biyar mu sungumo shadda da atamfar iyali gaba ɗaya, mu dire a gaban tela, mu ce ka taimaka, ka san ba ni da kowa sai kai. Na san wani sai a lokacin kuɗin ke zuwa hannunsa, wannan uzuri ne. Amma da yawanmu ba rashi ba ne, jinkiri ne da muka mayar al'ada, mun manta ba a fafe gora ranar tafiya. Shi kuma tela, maimakon ya ce hannuna ya cika, sai kunya da kwaɗayi su haɗu su rufe masa baki, ya karɓa ya jefa kan tsibi, ya ce jibi in Allah ya so. Telan da ya san mutuncinsa a da, rabin azumi yake rufe karɓar aiki, ko hakimi ne ya aiko sai ya ba da haƙuri, kuma darajarsa ƙaruwa take yi. Na yau yana tsoron in ya ce a'a maƙwabcinsa zai ce i.

Wa ke biyan wannan alkawari da aka ɗauka? Yaron shago. Shi zai sha ruwa a kan keke, ya yi sahur a kan keke, ya kwana uku barcinsa gyangyaɗi ne. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 fetur ya yi tsada, duk mintin da janareta ke kuka kuɗi ne ke ƙonewa, don haka maigida ba ya son ganin keke a tsaye ko na shan iska. Fitila kuwa ƙwan guda ne a tsakiyar shago, inuwar kan yaro tana faɗawa daidai kan allura. Ido ya yi nauyi, yadi baƙi, zare baƙi. Daga nan sai a nemi abin korar barci: a fara da goro da shayi mai kauri, a wuce zuwa lemon gwangwanin ƙara kuzari, wasu su ƙarasa ga ƙwaya. Gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin tun 2018, hukumar NDLEA na ta kama taramol, amma duk wanda ya san shagunan dare ya san ba a rasa mai miƙa wa yaro wani abu ya ce haɗiye, ba za ka ji gajiya ba. Gaskiya ne ba zai ji gajiya ba. Ba zai kuma ji inda hannunsa yake ba. Muna sa sabon kaftani mu tafi Idi muna ƙamshi, ba mu san wasu yaran a wannan makon suka fara abin da zai bi su har girma ba.

Waya ma ta samu nata kason. A da a shago rediyo ne ke magana a can gefe, kunne na saurare, ido na kan aiki. Yanzu an jingine waya a jikin keke ana kallon fim ko ƙwallo, kunnuwa a toshe, hannu na tura yadi da ka. Amma da wane baki za mu yi wa yaro faɗa, tunda maigidansa ma haka yake yanka yadi, waya a maƙale tsakanin kunne da kafaɗa?

Sai mu shiga cikin gida, inda abin ya fi ɓoyuwa. Keken amarya da na mai takaba da ta fita ta kama sana'a duk a tsakar ɗaki suke, inda yara ke rarrafe. Iyayenmu mata in za su tashi daga kan keke, ko tukunya za su duba, sai sun zame igiyar daga babbar taya, su sauke allura ƙasa, su lulluɓe kan keken. Allura da reza da almakashi suna da gwangwaninsu mai murfi a can sama. Yau sai ki tashi, 'yar'uwa, ki bar keke a ɗaure yadda yake, babban yaro ya hau mataki yana lilo, ƙaramin ya kama igiya, ɗan yatsansa ya bi ta ya shige tsakaninta da taya. Allurar da ta karye a share ta da tsintsiya zuwa tsakar gida, inda ake tafiya ba takalmi. 'Yan mata kuma sun koyi riƙe fil a baki suna gyara yadi ko hijabi, dariya ɗaya ko tari ɗaya ya isa ya wuce da shi maƙogwaro, wani har huhu, sai an kai ga aikin likita. A manyan masana'antun tufafi na duniya, in allura ta karye ba a ba maɗinki sabuwa sai ya tattaro gutsattsarin tsohuwar an haɗa an ga ta cika, domin kada tsininta ya tafi cikin rigar wani. Mu nan ɗan mayen ƙarfe da za a ja a ƙasa ya tsince su ba shi da tsada, amma shago nawa ko ɗaki nawa ke da shi?

To in ƙaddara ta faɗa fa, allura ta shiga? A nan ma mun bar hankali mun kama al'adar banza. Abu na farko da jiki ke yi shi ne fizge hannu, kuma fizgar ce ke yaga nama ta karya allura a ciki. Wanda ke kusa ya kashe keke, ya riƙe hannun yaron, ya kwantar masa da hankali. In allurar ta ratsa farce ta kafe, a kwance ɗan sukurun da ke riƙe da ita a jikin keke, a tafi da yaro da allurarsa wurin ma'aikacin lafiya, kada a sa filaya ana ja. In ta karye, a tattara guntayen a gwada su da wata sabuwa. Matuƙar ba ta cika ba, a ɗauka sauran yana cikin yatsa, kuma hoto ne kaɗai zai nuna inda yake, domin ƙashi na nan dab da ƙarƙashin farce kuma allura na iya tsaga shi. Raunin da bai yi zurfi ba a wanke shi da ruwa mai tsabta da sabulu, a danne da ƙyalle mai tsabta har jini ya tsaya, a rufe.

Mu kuwa me muke yi? A ɗiga man keke, ko fetur, ko kananzir, wani ya ce toka, wani ya ce a tsotse, a yage ƙyalle daga sharar ƙasa a ɗaure, a ce koma bakin aiki. Ramin allura bakinsa ƙarami ne, cikinsa zurfi, yana rufewa da wuri ya kulle datti a ciki. Bayan kwana biyu yatsa ya kumbura yana bugawa, ya tara ruwa, a ce ɗan karkare ne ko kambun baka, a yi ta shafe-shafe har ciwo ya kai ga ƙashi, gaɓa ta sandare. Wanda ke da ciwon suga abin ya fi yi masa sauri. Mafi muni ita ce cutar sarƙewar haƙora, wadda irin wannan rauni mai zurfi ne ƙofarta, kuma takan ɓoye daga kwana 3 har zuwa 21 kafin ta bayyana, lokacin kowa ya manta da zancen allura. Rigakafinta allura ce mai araha da ake samu a ƙananan asibitoci, kuma duk wanda ya samu irin wannan rauni alhali ya haura shekara biyar rabonsa da ita, ko bai taɓa yi ba, ya kamata a yi masa. Kumburi mai ƙaruwa, ko jan layi da ke hawa hannu, ko zazzaɓi, ko taurin muƙamuƙi, ba abin jira a ga gobe ba ne.

A nan ne zamanmu a Babban Duhu ya bambanta da na mai shago a Katsina ko Kano. Shi in abu ya faru da tsakar dare, nan da nan ya isa asibiti. Mu kuwa in ana bukatar hoto ko ƙaramar tiyata sai an nufi babban asibiti a Dutsin-Ma ko Batsari, in abin ya gagara a wuce Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, kuma kowa ya san ba kowace sa'a ake hawa hanyoyinmu ba. Kuɗin mota da na magani da kwanakin da hannu zai yi a rataye sun ninka ribar ɗinkin da aka yi wa gaggawar. Wanda asibiti ya yi wa nisa shi ya fi kowa bukatar taka-tsantsan, amma mu ne muka fi sakaci, muna fakewa da cewa abin da Allah ya rubuta ba makawa. Haka ne, ba mai ja. Sai dai wanda ya rubuta ƙaddarar shi ya ba mu hankali, kuma zai tambaye mu amanar 'ya'yan da ya damƙa mana, namu da na mutane.

Ba sai mun jira Yariman Katsina ya tara mu a Safana ba, ko Sarkin Ruma a Batsari, ko a aiko da takarda daga ma'aikata. Ƙungiyoyin teloli da ke haɗuwa don kuɗin ɗinki da zumunci suna iya tsayar da ranar rufe karɓar aikin Sallah, da sa'ar da za a sallami ƙananan yara su je su kwanta, limamai kuma su taɓo zancen tun watan Sha'aban. Amma ko ba su yi ba, kowannenmu yana da ƙofar da yake da iko a kanta.

Kai maigidan shago, mayar da 'yar wayar ƙarfen nan da ka cire daga keke, rage wa mai koyo gudu, sa fitila a kan kowane keke, ka ajiye sabulu da auduga da bandeji inda ido ke gani, kuma ranar da ɗan wani ya ji ciwo a hannunka kai shi asibiti da ƙafarka kamar yadda za ka kai naka. Ke uwar gida, zame igiyar kafin ki tashi. Mu masu kaya mu kai ɗinkinmu tun kafin a ga watan azumi, in kuwa mun makara mu haƙura mu wanke na bara. Kai kuma uban yaro, don girman Allah, cikin makon nan taka ka je shagon da ɗanka yake, ka gaisa da maigidansa, ka tambayi ƙarfe nawa suke tashi, ka tambaya ko an taɓa yi wa yaron allurar rigakafi. In ya dawo gida da dare, kafin ka tambaye shi nawa ya samo, ce masa ya miƙo hannuwansa ka duba.